Tina a gorar ruwa

Jama'a, yau maganata a kan tina ce, ruwan nan da masu fentin mota da kafintoci ke sirka fenti da shi. Duk wanda yake da ɗa ko ƙane da ke koyon sana'ar feshi, don Allah ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ranar Asabar na je duba gado da sif na ƙanwata da za a aurar, a wani shagon kafinta da ba zan ambaci sunansa ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Na tarar ana feshi. An janyo ƙofa saura kaɗan a rufe, wai kar ƙurar hunturu ta ɓata aiki. Yaron da ke feshin bai wuce shekara sha huɗu ba, ya ɗaure hancinsa da tsohuwar riga. Kusa da ƙafarsa akwai gora biyu, irin ta ruwan da muke saya a shago, har takardar kamfanin tana jiki. Ɗaya ruwan sha ne a ciki, ɗaya tina. Wallahi da ido ba ka bambance su. A shagon da ke manne da su kuma mai walda na aiki, tartsatsi sai tashi yake yi.

Na ce wa maigidan, “Malam, wannan gorar fa? In yaro ya ji ƙishi ya kafa kai?” Ya yi dariya ya ce, “Yallaɓai, shekarata ashirin a wannan aiki, ba abin da ya taɓa faruwa. Ai wari ma zai gaya masa.” Na ce wanda ya wuni cikin warin nan hancinsa ya riga ya saba. Sai ya ce, “Allah ke tsarewa.” Gaskiya ya faɗa, Allah ke tsarewa. Amma shi da kansa kwaɗo biyu yake sa wa shagon kullum in zai tashi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: a daina auna tina a gorar ruwa ko ta lemo, kuma a daina sa yara feshi a rufaffen ɗaki kusa da wuta. Alhakin wannan yana wuyan mai sayarwa da maigidan shago, tun kafin a zo kan gwamnati.

Ga dalilina. Tina haɗi ne na sinadarai, yawanci toluwin da zailin da asiton, wani ma har da metanol a ciki. Tururin da ke tashi daga ruwan shi ne ke kamawa da wuta. Toluwin tun daga digiri 4 a ma'aunin zafi yake fitar da tururin da ashana ɗaya za ta iya kunnawa. Asiton kuwa ko a sanyin firiza yana fitarwa. Mu da zafinmu ke kai wa digiri 40 a watan Afrilu, babu ranar da buɗaɗɗiyar gorar tina ba ta cikin shirin kamawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, tururin nan ya fi iska nauyi, na toluwin wajen sau uku. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya gangara kwata. In ya tarar da rishon mai shayi, ko guntun sigari, ko tartsatsin walda ko na janareta, sai wuta ta biyo sawunsa ta dawo har cikin gorar. Shi ya sa bayan gobara za ka ji ana rantsuwa cewa ai wutar tana can nesa.

Ba mu manta da Majiya ta jihar Jigawa ba, a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Fetur da tina halinsu ɗaya ta wannan fuska, tururi ne ke ɗauko wuta. Tankar kowa ya ga girmanta. Ita gora ba mai kallonta, ga ta kuma a kowane layi, har ƙarƙashin gado a gidajen da aka yi fenti aka rage saura.

Duron da aka juye tina daga ciki ma kar a ce fanko ne. Cike yake da tururi gauraye da iska, kuma wannan haɗin ne ke fashewa. Mai waldar da ya sa wa irin wannan duro wuta don ya yanka shi, da ransa yake wasa.

In kuma wutar ta tashi, abin da muka saba yi shi ne watsa ruwa. Toluwin da zailin ba sa gauraya da ruwa, a kansa suke yawo, sai bokitin da ka watsa ya kwashi wutar ya kai ta inda ba ta je ba. Yashi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda, in wutar ƙarama ce. In ta fi ƙarfi, a fita, a kira 'yan kwana-kwana. Wanda rigarsa ta kama kar ya yi gudu, ya kwanta ya yi birgima. Ƙunar jiki kuwa ruwa mai tsabta ake kwarara mata kamar minti 20, sai asibiti. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai.

Sai maganar lafiya, wadda ta fi damuna don ita ba ta ƙara balle a ji. Kullum muna zagin yaran da ke shaƙar sholisho. To toluwin ɗin da ke bugar da su shi ne dai yaron shago ke shaƙa tun safe har la'asar, da sunan koyon sana'a. Ciwon kai da jiri da kasalar da yake komawa gida da su, gubar ce. In aka daɗe a haka tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Tsumma ko takunkumin ƙura ba sa tare tururi, sai takunkumi mai matatar gawayi da aka yi don wannan aiki, tare da wurin da iska ke ratsawa. Gwangwanin madarar da ake ba yaro bayan feshi abinci ne, ya sha, amma ba ta wanke huhu. Wanke hannu da tina shi ma a bari, yana cinye maiƙon fata har ta tsattsage, wani kuma ya shige jiki.

In aka yi tsautsayi wani ya sha, don Allah kar a ɗura masa manja ko madara, kar a sa masa yatsa ya yi amai. Wajen aman ne ruwan ke faɗawa huhu, ɓarnar ta fi ta farko. A kai shi asibiti nan take, a tafi da gorar. Ko ya ce ya ji sauƙi a kai shi, don in akwai metanol a ciki, kamar ƙaramin cokali biyu na iya makantar da mutum, kuma alamun kan jinkirta har kwana guda.

Na san abin da wasu za su ce: talauci ne, ba kowa ke iya sayen galan ba, dole a auna. Na yarda. A auna, amma a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a rubuta TINA a jiki da jan fenti, da boko ko da ajami, a zana hoton wuta saboda wanda bai iya karatu ba. Mai fenti ne fa, fenti bai gagare shi ba. Bokitin yashi nawa yake? Buɗe ƙofa da taga nawa ne? Takunkumi mai matata ne kawai ke da ɗan tsada, shi ma bai kai kuɗin kwana ɗaya a ɗakin masu ƙuna ba.

Wasu kuma za su ce aikin hukuma ne. Tabbas NAFDAC ke kula da shigo da sinadarai, hukumar kashe gobara kuma tana da haƙƙin duba kasuwanni, kuma ya kamata su matsa. Sai dai ba jami'in da zai iya shiga kowane lungu. Shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin kafintoci da masu fenti, su da suke iya tara kuɗin ƙungiya duk mako, suna iya kafa doka ɗaya: ba a auna tina a gorar abin sha, ba a ajiye mai feshi bango ɗaya da mai walda.

Mu masu kai aiki ma da laifinmu. Mu ne ke matsawa sai an gama gobe saboda biki ya matso, mu ne ke ƙorafi in mun ga ƙura a jikin sif, shi ya sa ake rufe ƙofa a kan yaro. Iyaye kuma, ranar da za ku kai ɗa koyon sana'a, ku shiga shagon ku duba da idonku, kar ku tsaya a bakin ƙofa kuna gaisawa.

Jiya na koma shagon da tsohon gwangwani mai murfi, na ce wa maigidan na ƙara masa kwana uku, ya fito da feshin fili ko da ƙura za ta ɗan taɓa kayan. Ya karɓi gwangwanin yana dariya, ya ce in daina tsorata masa yara. Amma kafin in tafi na ga ya sa yaron ya juye tinar a ciki. Saura yashi da takunkumi, kuma zan sake komawa.

In gidanku akwai ragowar tina a gora, yau ɗin nan a fitar da ita daga inda yara ke kaiwa. Ku tura wa duk mai wannan sana'a da kuka sani. Allah ya tsare mu da zuri'armu daga gobarar duniya da ta lahira. Amin.