Kwatanci Ya Tare Kogin Haɗeja

Malaman jami'a da ke nazarin ma'aikatu da hukumomi ba su cika yin magana ba sai da kwatanci. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a manta kwatanci ne, a riƙe shi tamkar shi ne gaskiyar al'amari. A 1986 wani malami, Gareth Morgan, ya rubuta littafi ya nuna yadda kowane kwatanci ya ke buɗe ido ɗaya ya rufe ɗaya. Wanda ya ce hukuma inji ce, in wani abu ya tsaya sai ya nemi ƙarfen da zai cire.

A 1947 kuwa Kurt Lewin, Bajamushe mazaunin Amurka, ya kwatanta jama'a da ƙanƙara, wai in ana son su sake hali sai a narkar da su, a zuba su cikin sabon mazubi, su sake daskarewa. To, yaushe mutumin fadamar Haɗeja ya daskare? In ruwa ya malalo da damina ya shuka shinkafa. In ya soma janyewa ya ɗauki koma ya shiga su, ya kuma bi laima da wake. Da rani Filani su sauko da shanu. Ambaliyar bana dabam da ta bara, shi kuwa kowace shekara da irin dabararsa. Mai wannan hali ba ya bukatar a narkar da shi.

Amma masu tsara ayyukan ruwa suka zo da nasu kwatanci. A wurinsu kogi famfo ne, ruwan da ya bazu cikin fadama kuwa yoyo ne, watau asara. Mai ganin yoyo ba ya shawara da masunci, toshewa ya ke yi. Aka gama madatsar Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Kano ta sami ruwan sha da na noman rani, wannan ba a musu. Sai dai wa ya biya?

Da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka haɗa shinkafa da kifi da itacen wuta, sai suka tarar amfanin da ruwa ke bayarwa a fadama ya fi wanda ya ke bayarwa a gonakin aikin ban ruwa na Kano nesa ba kusa ba. Ashe abin da aka kira yoyo abincin mutane ne tun daga Haɗeja har Nguru da Gashuwa.

Ambaliya ta ragu. Sa'an nan da kogi ya daina ƙafewa da rani, kacala ta sami gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wata gona ta nutse wata ta bushe. Jan baki kuma suka mai da ita gida, daga can su ke faɗa wa shinkafar da ta rage.