Ku Rubuta Sunan Hedima a Jikin Tanki

An sake yin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. An busa bigila, manya sun jera furanni a gaban sojan da ba a san sunansa ba, kowa ya shiga motarsa. Raina ya ɓaci, domin akwai waɗanda muka san sunansu sarai, kuma ba ma ambatonsu.

Ranar 12 ga Satumba, 2014, Win Kwamanda Chimda Hedima da abokin aikinsa suka tashi daga Yola a jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet, ba su dawo ba. Lokacin Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, Bama ta bi bayanta. A Oktoba 'yan Boko Haram suka saki bidiyon yadda suka yi wa Hedima yankan rago. Ku tuna halin da muke ciki a shekarar: shingen bincike ko'ina, ana laluben masallata a ƙofar masallaci, ga harin da aka kai Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba. Fatakenmu na bi ta Damaturu da shanu, rai a hannun Allah. Shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tambaya waye Hedima, ka ga ko za a amsa maka.

Za a ce ba ɗan masarautar Gumel ba ne. Da ya tashi jirgin, bai tambayi garin wa yake karewa ba.

Ba mutum-mutumi nake nema ba, addininmu bai yarda ba, mu ma ba ma so. Ruwa nake nufi. Duk wanda ya ga yaran ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar suna tura kura cike da jarkoki cikin rairayi, ko shanu na jan guga a rijiya mai gaba da yawa, ya san abin da ya kamata. A haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana, a rubuta sunan Hedima da ranar da ya tafi bai dawo ba a jikin tankin, da boko da ajami, yaro ya karanta ya tambayi malaminsa.

Amma ina! Kowane kwalbati sai an liƙa masa sunan ɗan siyasar da ke raye, alhali kuɗin jama'a ya kashe, ba nasa ba. Wannan rashin kunya ce. Shugabannin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, kuɗin fentin allunanku kaɗai ya isa a fara haƙa.