NAZARI: Tsarin mulki bai hana Kano yin rumbun tsimi ba, kuma manoman Kura, Bunkure da Madobi ne suka fi buƙatarsa

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ainun. Kasafin kuɗin Jihar Kano ya tashi daga kimanin naira biliyan 437 a 2024 zuwa kimanin biliyan 719 a 2025. Ana yawan muhawara kan yadda za a kashe wannan kuɗi, amma ba a cika tambayar nawa za a ajiye domin ranar da abubuwa suka ɓaci ba.

Amsar ta fi shafar manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, da maƙwabtansu na Madobi. Noman shinkafa, alkama da tumatir a wannan yanki ya dogara ne da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. A 2016 tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye cikin 'yan makonni. A Satumbar 2024 ɓallewar madatsar Alau ta nutsar da wani babban sashe na Maiduguri. Madatsar Tiga da magudanan ruwanta suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya, amma idan gona ta nutse, ƙofar gwamnatin jiha manomi yake fara ƙwanƙwasawa.

Hujjar da aka saba ji ita ce tsarin mulkin 1999 bai yarda da ajiya ba. Tushen wannan magana shi ne sashe na 162, wanda ya ce a zuba kuɗin shigar tarayya a asusu guda, a raba su tsakanin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi. Da shi gwamnoni suka ƙalubalanci asusun rarar man fetur da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta buɗe a 2004, da kuma hukumar NSIA da aka kafa da doka a 2011. Asusun rarar ya taɓa kai kusan dala biliyan 20, amma a Yulin 2022 abin da ya rage cikinsa bai kai dala dubu 400 ba. Kafin nan, a 2015, sai da gwamnatin Muhammadu Buhari ta bai wa jihohi da dama lamunin ceto domin su iya biyan albashi.

Sai dai wancan rikici a kan kuɗin da ba a raba ba ne. Da zarar kason Kano ya shigo hannunta, wasu sassan ne ke aiki. Sashe na 120 ya amince da asusu na musamman da majalisar dokokin jiha ta kafa domin wata manufa takamaimiya, kuma ya hana cire komai daga cikinsa sai da izinin doka. Sashe na 123 ya bai wa majalisar ikon kafa asusun ko-ta-kwana, wanda gwamna zai iya taɓawa idan buƙatar gaggawa ta taso, da sharaɗin a gabatar da ƙwarya-ƙwaryan kasafi domin mayar da abin da aka ɗauka. Ke nan ƙofa a buɗe take, doka ɗaya daga majalisar dokokin Kano ta isa.

Raunin yana wani wuri dabam. A Amurka kowace jiha tana da nata tsarin mulki, shi ya sa masu zaɓe a Kalifoniya suka iya sanya ƙa'idar ajiya a cikin nasu a 2014. Jihohin Najeriya ba su da wannan dama. Dokar da majalisa ta yi yau, majalisar na iya warware ta gobe, kuma gyaran tsarin mulkin ƙasa yana buƙatar amincewar aƙalla majalisun jihohi 24. Jihar Ribas ta nuna haɗarin: a 2008 gwamnatin Rotimi Amaechi ta yi dokar ajiye naira biliyan ɗaya duk wata, amma an taɓa kuɗin kafin ta sauka a 2015, lamarin da ya zama abin bincike zamanin Nyesom Wike.

Saboda haka kariyar irin wannan asusu tana cikin yadda aka rubuta dokarsa. Dole ta fayyace kason da za a ajiye duk wata, ta kuma lissafa dalilan da za su halatta buɗe shi, kamar ambaliya, annobar amfanin gona, katsewar ruwan rani ko faɗuwar kason tarayya. Ta wajabta wallafa abin da ke ciki duk bayan wata uku, tare da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wanda sashe na 125 ya tanada. Kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin 2025 kaɗai ya haura naira biliyan bakwai, fiye da ninki biyu na biliyan uku da gwamnatin tarayya ta ware wa kowace jiha domin ambaliyar 2024.

Masu adawa za su ce jihar da ke fama da ƙarancin azuzuwa da magunguna ba ta da rarar ajiyewa. Maganarsu tana da nauyi. Amma idan bala'i ya auko babu tanadi, kuɗin makarantu da asibitocin ake karkatarwa, ko a ciwo bashi da ruwa. Manomin da ya rasa shukar rani kuwa, iri da takin da suka iso bayan lokacin shuka ba su da amfani gare shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin majalisa ta amince da kasafi na gaba, haƙƙin manoman yankin ne su tambayi wakilansu ko wane ne a cikinsu zai gabatar da wannan ƙudiri.