Wa Zai Rubuta Tarihin Tumbau?

Tumbau ƙauyen manoma ne a Ƙaramar Hukumar Gezawa, arewa maso gabas da birnin Kano, cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a inda gona ke jingine da gona, babu saura balle daji. Ƙasar jigawa ce, damina kuma gajeriya, amma shekara da shekaru ana noma ta ba tare da an hutar da ita ba. Sirrin abin yana ga taki: kashin awaki da tumakin da ake turkewa da damina, da toka, da sharar gida, sai kuma gawon da ake bari a tsakiyar gona. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna tashi tare, harawa ta tafi ga dabba, dabba ta mayar wa gona.

Wannan hikima ta daɗe da jan hankalin masana. Michael Mortimore da J. Wilson sun yi rubutu kan ƙasa da jama'ar kewayen Kano a 1965, Polly Hill ta biyo baya a 1977, sannan Tumbau na cikin ƙauyuka huɗu da Mortimore da William Adams suka nazarta a littafinsu na 1999. Sun auna gonaki, sun ƙirga magidanta, duka cikin Turanci. Abin da ya rage namu ne, manazarta Hausa: sunayen gonaki da rijiyoyi da burtali, asalin kowace unguwa, kalmomin gandu da gayauna da gayya, da yadda ake rabon gado idan gona ta tsuke. Mun fi mayar da hankali ga fada da birni, alhali a karkara akasarin masu harshen suke.

A kudancin Faransa akwai wani ɗan ƙauye mai suna Montaillou, wanda a farkon ƙarni na 14 mazaunansa ba su kai ɗari uku ba. Littafin da Emmanuel Le Roy Ladurie ya wallafa a kansa a 1975 ya zagaya duniya, domin an taɓa rubuta maganganun mutanen ƙauyen da bakinsu, aka adana. Mu kuwa taskarmu tana cikin ƙirjin dattawa, ga shi kullum suna raguwa. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, birnin Kano kuma sai ƙara cin gonakin kewayensa yake yi, ana yanka su fuloti-fuloti. Ranar da gona ta zama fuloti, sunanta ya bi ruwa.

Shawarata ita ce sassan nazarin Hausa su riƙa ba ɗalibin ajin ƙarshe ƙauye guda, ya zana taswirarsa, ya naɗi muryoyin tsofaffi maza da mata, ya rubuta kundinsa da Hausa, a ajiye kwafi a jami'a, a kai wani wurin dagaci. A fara da Tumbau, tunda masu awo sun riga sun share mana fage.