Baƙo Daga Sama: Gudu Za Mu Yi Ko Ciniki?

Kwanakin baya ina cikin gabatar da shirin safe sai wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta bugo waya daga Kurni. Ta ce ɗanta ya nuna mata wani hoto a salula, wai an ga jirgin mutanen wata duniya yana nufo mu, shi ne take tambaya ko ta ci gaba da sarin gyaɗa ko ta riƙe kuɗinta. Abokan aikina suka fashe da dariya. Ni kuwa tambayar ta tsaya mini a rai, domin duk wanda jarinsa bai wuce jika 30 ba ya san labarin ƙarya guda yana iya cinye masa shi a kasuwa ɗaya. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu duba: in har baƙi daga wata duniya suka sauko, yaya ɗan Adam zai yi?

Mu fara da abin da aka tabbatar. Har yau babu wata hukumar kimiyya da ta nuna shaidar cewa halittun wata duniya sun taɓa zuwa nan. A Yunin 2021 hukumomin leƙen asirin Amurka sun fitar da rahoto a kan abubuwa 144 da sojojinsu suka gani a sama, ɗaya kawai suka iya bayyanawa, amma ba su ce sauran na baƙi ba ne. A Maris na 2024 ofishin da ma'aikatar tsaronsu ta ɗora wa binciken ya ce bai samu wata shaida ba. Abin da ya tayar da ƙura a salulolin mutane a 2025 kuwa shi ne 3I/ATLAS, wanda aka hango ran 1 ga Yuli ya shigo daga wajen dangin ranarmu, kuma hukumar NASA ta ce tauraro ne mai wutsiya. Dalilin wahalar zuwan shi ne nisa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, da irin gudun da yake yi, sai ya shafe fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan da ke tsakaninmu da tauraro mafi kusa bayan rana.

To amma, jama'a, baƙo daga wata duniya ya riga ya sauka a wannan yanki namu, har sau biyu ma, sai dai bai zo da ƙafa ba. Ran 3 ga Oktoba 1962, a Zagami cikin ƙasar Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Daga baya masana suka gano ɓallin duniyar Mars ne, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976. An yayyanka dutsen Zagami, gutsattsarinsa suka watsu a ɗakunan bincike da hannun dillalan Turai da Amurka, har an liƙa ɗan ƙanƙanin ɓarinsa a jikin wani kumbo da aka harba zuwa Mars a 1996.

Na biyun namu ne. Ran 16 ga Nuwamba 2023 wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci wani jan dutse a hamadar jihar Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25, wato bai fi rabin buhun siminti ba. Aka sa masa suna NWA 16788. Cikin duwatsun sama sama da 77,000 da aka rubuta a duniya, kimanin 400 ne kawai suka fito daga Mars, kuma wannan ya fi su duka girma. Ya bi hannun dillalai ya isa Italiya, aka baje shi a can, daga nan sai New York. Ran 16 ga Yuli 2025 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da shi dalar Amurka miliyan 5 da dubu 300 har da la'ada, kusan miliyar 3 na kuɗinmu na sefa. Ba a bayyana mai sayarwa ba, ba a bayyana mai saye ba. Sai bayan an buga guduma gwamnatin Yamai ta ce ta buɗe bincike, tana zargin fataucin haram, gidan gwanjon kuma ya ce takardunsa cikakku ne. A watan Agusta na shekarar shugaba Abdourahamane Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasa.

Ga amsar farko ke nan. In baƙon bai da bindiga, ɗan Adam sa masa farashi zai yi, kuma wanda ya san darajar kaya shi ke cin riba. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin wannan. Manomin rake na kwarin Kance yana sayar da gonarsa tun tana tsaye saboda matsi, mai mota ya kai Damagaram ko Agadas ya ninka kuɗinsa. Bambancin kawai, a nan ninkin ya kai miliyar. Dokarmu ta 1997 mai kare kayan tarihi ba ta ambaci dutsen sama da sunansa ba, ta nan ne gardamar ta samu ƙofa. Kenan rashin sani da rashin doka su suka fitar da dutsen, kafin wata mota ta ɗauke shi.

Amsa ta biyu ita ce tsoro, kuma a nan mu ma'aikatan rediyo muke da laifi a tarihi. Ran 30 ga Oktoba 1938 wani ɗan wasa, Orson Welles, ya gabatar da wasan kwaikwayo a gidan rediyon CBS na Amurka cikin sigar labarai, wai mutanen Mars sun kawo hari. Wasu masu saurare suka ruɗe, ko da yake masu bincike sun nuna daga baya jaridu sun ƙara wa ruɗanin gishiri. A Fabrairun 1949 aka maimaita irin wasan a birnin Kito na ƙasar Ekwado. Da jama'a suka gane wasa ne sai suka cinna wa ginin gidan rediyon wuta, aƙalla mutum 6 suka mutu. Babu baƙon da ya sauka, amma an yi jana'iza.

Ba sai mun je nesa ba. A Janairun 2001, daren da wata ya yi husufi, matasa a Maiduguri sun ƙona otel-otel da mashaya suna cewa zunubin masu su ne ya jawo. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon waya ya zagaya Najeriya cikin dare guda cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, aka kwantar da mutane asibiti, wasu suka rasa ransu. Ku kwatanta da ran 29 ga Maris 2006, lokacin ina ɗan lakwal, da rana ta yi husufi gari ya rufe da duhu da hantsi a yankinmu. An sanar tun da wuri, rediyo ta faɗi rana da lokaci, ta gargaɗi mutane kada su kalli rana da ido tsirara. Muka ga kaji suna neman akurki, dattawa suka nufi masallaci, haske ya dawo kowa ya koma sabgarsa. Abu guda ne daga sama, amma inda aka shirya mutane ya wuce lafiya.

Amsa ta uku ta fi nauyi, ita ce in baƙon ya fi mu ƙarfi. Masanin nan na Ingila, Stephen Hawking, ya yi gargaɗi a 2010 cewa zuwan irin waɗannan baƙi zai iya zama kamar zuwan Kolumbus nahiyar Amurka, wanda bai yi wa ƴan asalin ƙasar daɗi ba. Mu mutanen Damagaram ba mu buƙatar misalin Kolumbus. A Mayun 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa a birnin Zindar zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A Yulin 1899 rundunar Faransawa ta zo, aka gwabza a Tirmini, dawaki da masu suka kasa gaban bindigogin zamani, birni ya faɗi. Waɗanda suka zo ba su da yawa, kuma akasarin masu riƙe musu bindiga baƙar fata ne irinmu. Kowace masarauta ta fuskance su ita kaɗai, wasu suka yi yaƙi, wasu suka yi mubaya'a, wasu suka zama tafinta suka yi arziki. Ban ga dalilin da zai sa duniyar yau ta yi dabam ba. Manyan ƙasashe masu kumbo da na'urar hangen nesa su za su fara sanin labari, su za su yi magana da sunan kowa, mu kuma mu ji a rediyo. Yadda aka yi rabon allurar korona a 2021, masu kuɗi suka fara cika rumbunsu, ya isa ishara.

Me wannan ke nufi ga mai tebur a kasuwar Matamaye ko mai rumfa a kasuwar Dole? Duk wata girgiza ta duniya a farashin tiya take fara bayyana. Mun gani a 2020 da korona, mun sake gani daga Agustan 2023 da aka rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulki har zuwa Maris na 2024, yadda shinkafa da mai suka tashi. A irin wannan lokaci mai ƙaramin jari ke karyar da kayansa don tsoro, mai sito ya saye da araha ya ɓoye, ya fito da su bayan ƙura ta lafa. Ranar da aka ce baƙi sun sauko, ko gaskiya ne ko ƙarya, haka za a yi.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Gwamnati ta rubuta doka bayyananna a kan duwatsun sama, wadda za ta ba wanda ya tsinta da garinsu rabo mai tsoka, domin hani kaɗai tura kaya yake yi ta ɓarauniyar hanya, kuma ta faɗa wa ƴan ƙasa inda binciken dutsen Agadas ya kwana. Jami'o'inmu na Yamai da Damagaram su samu kayan auna irin waɗannan duwatsu, makiyayi ko manomin da ya tsinci baƙin dutse mai nauyi fiye da girmansa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin dillali ya riga shi. Mu na rediyo mu tantance kafin mu buɗe baki. Ku kuma ƴan kasuwa, duk labarin da ya zo ta salula yana cewa ku yi maza ku saya ko ku sayar, ku fara tambayar wa zai ci ribar gaggawarku.

Ita kuwa Hajiyar Kurni na ce mata ta je ta sari gyaɗarta tun tana araha a kaka, domin in bazara ta yi farashi zai hau, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.