An bar jaki ana dukan taiki

Sau uku cikin wata biyu aka yi wa kwamfutar ƙanena fomat, kuma duk ukun mutum ɗaya ne ya yi, ya karɓi kuɗinsa yana murmushi. Ƙanen nawa ɗan shagon buga takardu yake da shi a Magarya, inda ake rubuta wa mutane takardar neman aiki, a buga katin biki, a yi fotokofi. Shekara biyu ya yi yana tara kuɗi kafin ya bi ta Tinkim ya shiga Kano aka haɗa masa kwamfutar tebur, wannan ɓangare daga shagon nan, wancan daga shagon can. Ta yi wata huɗu lafiya lau. Zafin Afrilu na shigowa sai ta fara tsiya. Ana tsakiyar aiki ta ɗauke ɗif, ta sake tashi da kanta. Wani lokaci allon ya koma shuɗi, wani lokaci ta ƙame gaba ɗaya, sai an zare mata wuta.

Mai gyara ya zo, ya ɗan kalli allo, ya ce bairas ne. Ya share komai ya zuba sabon Windows. A wannan sharar ne aka rasa jerin sunayen wata ƙungiyar mata da suka taso tun daga Dungas, da rubutun wani ɗalibi da aka yi mako ana bugawa. Kwana tara ciwo ya dawo, aka sake fomat. A karo na uku ina zaune a shagon. Na ce, "Malam, ka taɓa buɗe cikinta kuwa?" Ya ce, "Yallaɓai, ai ba sai an buɗe ba, na san cutar." Na duba bayan akwatin, kusoshin nan huɗu ƙura ta rufe su ruf, babu alamar sukudireba ta taɓa su tun ranar da aka ɗaure su a Kano.

Abin da ya tayar mini da hankali ke nan, don na san ba a kan ƙanena kaɗai ake wannan cuta ba. Daga Bande har Dungas, duk inda kwamfuta ta yi tari, magani ɗaya ake ba ta. Likitan da ke rubuta wa kowane marar lafiya allura iri ɗaya bai ko taɓa jikinsa ba, da tuni an kore shi daga gari. Amma mai gyaran kwamfuta yana yin haka, a biya shi, har a raka shi da godiya.

Wanda ya gano ciwon a ƙarshe wani dattijo ne mai gyaran rediyo, wanda bai iya ko buɗe Windows ba. Na kai masa akwatin a kan kabu-kabu na ce, "Baba, don Allah duba mana wutar abin nan." Ya kwance murfin, ya sa yatsa tsakanin fanka da ƙarfen da ke sanyaya firosesa, ya zaro ƙura a dunƙule kamar audugar katifa. Ya ciro akwatin raba wuta, wanda masu gyara ke ce wa fawa, ya jinjina shi a tafin hannu ya yi tsaki. A jikinsa an rubuta wat 500, amma nauyinsa bai wuce na gwangwanin madara da aka shanye ba. Ya mayar da shi, ya ɗora mita a kan wayar nan mai ruwan ɗorawa, ya ce wa ƙanena ya buɗe aiki mai nauyi. Muna kallo lamba ta gangaro daga 12 ta doshi 11, kwamfuta ta ɗauke. Da ya buɗe fawar, kafasita biyu sun kumbura kamar ƙosai a mai. Duk binciken nan bai kai minti ashirin ba.

Babu tsafi a cikin lamarin. Wutar da ke fitowa daga bango bolt 220 ce, ita kuwa kwamfuta da bolt 12 da 5 da 3.3 take rayuwa. Aikin fawa shi ne ta sauko da wutar ta kuma riƙe ta daram. Ƙa'idar masu ƙerawa ta ce kada ta kauce fiye da kashi 5 cikin 100, wato layin 12 kada ya faɗi ƙasa da 11.4. Da zarar ya faɗi, firosesa da ram za su fara kuskuren lissafi, allo ya yi shuɗi, sai a ɗora wa bairas laifin da bai san an yi ba. Ka yi fomat sau ɗari, kafasitar da ta kumbura ba za ta saɓe ba.

Ga kuma yanayin da Allah ya ajiye mu a ciki. Masu ƙera kafasita sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage mata kusan rabin kwananta. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. Firosesa idan ta doshi digiri 100 rage gudu take yi, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kafin zafin ya zo, hunturu ya riga ya yi wata huɗu yana ɗura wa akwatin ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Sai maganar wuta. Kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na bukatarta daga gare ta. Shaguna da yawa sun koma kan ƙananan janareta, wutar da ke hawa da sauka duk sanda wani ya kunna injin fotokofi. Yawancin shagunan ko wayar ƙasa babu, shi ya sa in ka taɓa bayan akwatin kake jin yana ɗan cizonka. Duk wanda ya san waɗannan abubuwa uku, zafi da ƙura da wuta, kuma ya fara da fomat, ko dai bai san aikinsa ba ko yana sane yake cin kuɗin mutane.

Hanyar gano ciwon ba ta fi ƙarfin kowa ba. Tambaya ake fara yi: yaushe take mutuwa? In da rana tsaka ne, ko idan aiki ya yi nauyi, a zargi zafi ko fawa. In lokacin da aka kunna janareta ne, a dubi wuta. A buɗe akwatin a busa ƙura, a tabbatar kowace fanka tana juyawa, a goge busasshen man da ke kan firosesa a shafa sabo. A ciro ram a goge bakinsa, a mayar da ɗaya ɗaya ana gwadawa. Akwai manhajar MemTest86 da ake samu kyauta, a sa ta a filashi a bar ta ta kwana tana bincike. A aro fawa mai kyau a gwada. In agogo yana komawa baya kullum, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ko ta warke ba za ka san abin da ya warkar da ita ba. Windows shi ne na ƙarshe a layi, kuma ko an kai kansa, sai an kwashe takardun mutane an adana tukuna.

Kada wani ya ce mini ai kayan Turawa ba sa ciwo, hannunmu ne ke ɓata su. A 2024 masu kwamfuta a Amurka da Turai sun yi ta kukan cewa wasu firosesa na kamfanin Intel, zubi na 13 da na 14, suna faɗuwa haka kawai. Aka yi watanni ana bincike, kamfanin ya fito ya amsa cewa wutar da firosesar ke nema ta wuce kima, ya fitar da gyara, ya ƙara wa masu saye garanti na shekara biyu. Can an bi ciwo har gindinsa, an kuma biya wanda aka cuta. Mu a nan, kana fita daga shago da kaya an gama magana.

Laifin kashi uku ne, kuma ba zan ɗaga wa kowa ƙafa ba. Na farko na mai haɗawa ne, wanda zai sa maka firosesa mai tsada don ita kake tambaya, ya ɓoye fawar gwanjo a kusurwar da ba ka dubawa. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniya a Bamako don hana a mayar da nahiyar nan juji, amma ga matattun kayan lantarki nan ana wanke musu fuska ana sayar mana. Na biyu na mai gyara ne, da ya ɗauki filashi ɗaya a aljihu ya kira kansa injiniya. Na uku namu ne masu saye. Ƙanena da bakinsa ya faɗa mini cewa ya ƙara kuɗi don akwati mai fitilu masu launi, ya kuma ce a rage masa a wajen fawa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Sitabilaiza da na'urar riƙe wuta, wadda muke ce wa ondila, ya ga kamar almubazzaranci ne, ga shi abin da ya kashe a fomat da cinikin da ya rasa ya isa ya saye su.

Tun 2011 Dungas ta rabu da Magarya ta tsaya da ƙafarta, ofisoshi sun ƙaru, makarantu da asibitoci suna ta karɓar kwamfutoci. Idan ɗaya ta lalace, ko dai a jingine ta a lungu a rufe da zane, ko a ɗauke ta tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Damagaram. Ina kira ga masu cibiyoyin koyar da sana'a da magadan gari: kafin ku koya wa yaro zuba Windows, ku damƙa masa mita da sukudireba, ku zaunar da shi wata guda gaban masu gyaran rediyon da muke rainawa.

Kwamfutar ƙanena, tun da aka canza mata fawa aka share ƙurarta, ta ratsa sauran zafin bana ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Kai kuma mai karatu, duk ranar da taka ta fara wannan ciwo, ka tsaya a kan mai gyara ka gani. In ya ambaci fomat bai kwance kusa ko ɗaya ba, ɗauki kayanka ka fita.