A Koya Wa Kwamfutocin Kafe Mantuwa

Duk da wayoyin hannu da suka cika gari, har yau akwai ayyukan da mutanenmu ba sa iya gamawa sai sun taka zuwa shagon intanet. Cike fom ɗin fasfo, duba sakamakon BECE da WASSCE, buga takardar makarantar da aka tura yaro, rubuta takardar neman aiki, shiga cacar bizar Amurka idan an buɗe ta, duk a kafe ake yin su. Daga Nima da Mamobi a Akra har Aboabo a Kumasi da unguwannin Tamale, kwamfuta ɗaya tana iya ganin hannun mutum ashirin tsakanin safiya da dare. Kowa ya zo ya biya kuɗin mintocinsa, ya yi abin da ya kawo shi, ya tashi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ya bari a baya?

Amsar tana da ban tsoro. Hoton katin Ghana Card gaba da baya, shafin fasfo mai ɗauke da suna da ranar haihuwa, takardar haihuwar yara, imel da aka bari a buɗe, kalmar sirri da burawza ta tambaya ko a ajiye aka danna mata "to" ba tare da an karanta ba. Wanda ya zauna bayanka ba ya buƙatar wata ƙwarewa, buɗe wurin da fayiloli ke sauka kawai zai yi. A ƙasar da aka haɗa layin waya da asusun banki da wannan kati guda, barin hotonsa a kwamfutar jama'a daidai yake da barin makullin ɗaki a bakin ƙofa.

Ra'ayina shi ne, duk kwamfutar da jama'a ke rububinta, ta kafe ce, ta makaranta ce ko ta ɗakin karatu, bai kamata a buɗe ta ga mutane ba sai an sa mata manhajar da ke mayar da ita yadda take a duk lokacin da aka kashe aka sake kunnawa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Mai shago zai shirya kwamfutarsa tsaf, ya sa duk manhajojin da yake buƙata, sannan ya kulle ta a wannan hali. Daga nan duk abin da mai amfani ya rubuta, ya sauke ko ya goge, ba ya shiga ainihin ma'ajiyar kwamfutar. Manhajar tana karkatar da shi zuwa wani wuri na wucin gadi, kwamfutar kuma tana nuna masa kamar komai ya zauna daram. Da zarar an sake kunnawa sai a watsar da wancan wurin, kwamfutar ta dawo kamar ranar da aka kulle ta. Kamar allo ne da aka wanke, wanda zai ɗauka na gaba ba zai ga rubutun na baya ba.

Ba sabon abu ba ne. Deep Freeze ta kamfanin Faronics da ke Kanada ta fi shekara ashirin tana wannan aiki a makarantu da ɗakunan karatu na duniya, ita ce ma ta shahara da kiran kulle kwamfuta daskarewa, buɗe ta kuma narkewa. Microsoft ya taɓa bayar da tasa kyauta mai suna Windows SteadyState a zamanin XP da Vista, ya daina ta a ƙarshen 2010. Akwai Reboot Restore Rx ta kamfanin Horizon DataSys, akwai kuma Unified Write Filter da ke cikin Windows na kamfanoni da na makarantu. Kayan aikin dai suna nan, saura niyya.

Shi kansa mai shago riba yake ci. Duk wanda ya taɓa riƙe kafe ya san wahalar filashi mai ɗauke da bairos, da yaron da ya sauke wasa ya cika ma'ajiya, da wanda ya canza saiti har firinta ta daina aiki. Kiran mai gyara kuɗi ne, kwamfuta ta yini a kashe kuma asarar ciniki ce. Da wannan manhaja, yawancin irin wannan ɓarna maganinta danna maɓalli ɗaya ne. Haka abin yake a makarantunmu, har da na islamiyya, inda ake samun kyautar kwamfutoci daga 'yan'uwa mazauna Turai da Amurka. A yi bikin karɓa, bayan zango biyu rabinsu sun kwanta, alhali ba ƙarfen ne ya lalace ba, cikin ne ya dagule, malami ɗaya kuma ba zai iya bin kwamfuta talatin yana gyarawa ba.

To amma fa kada a ɗauka an samu maganin kowace cuta. Akwai wurare huɗu da wannan manhaja ke gazawa, kuma wanda bai san su ba zai kwana da tabbacin banza.

Na farko, ba ta goge komai sai an sake kunna kwamfuta. Idan mai shago ya kunna da safe bai sake taɓawa ba sai dare, to duk wanda ya zauna a tsakani yana ganin kayan na gabansa, kamar ba a sa komai ba. Ƙa'idar ita ce a sake kunnawa tsakanin mutum da mutum. Minti biyu ne, kuma mai amfani yana da haƙƙin ya ce a yi hakan a gabansa, kafin ya zauna da bayan ya gama.

Na biyu, kwamfutar da aka daskarar ba ta riƙe sabuntawar tsaro, domin ita ma ana watsar da ita tare da shara. Dole a ware lokaci, ko da sau ɗaya a mako ne, a narkar da ita a sabunta a sake kullewa. A tuna da WannaCry da ta addabi duniya a watan Mayun 2017: Microsoft ya fitar da maganin ramin tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su suka sha wuya. Kwamfutar da aka kulle da rami a jikinta, da ramin take tashi kowace safiya. Ga kuma ƙarin damuwa, Windows 7 ta daina samun tallafi tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su ƙasar nan da yawa a kansu suke.

Na uku, mantuwar ba ta san mai gaskiya ba. Ɗalibar da ta shafe awa uku tana buga aikinta ta ajiye a fuskar kwamfuta, wuta ta ɗauke, to aikin ya tafi ke nan, mu kuwa da muka sha dumsor mun san wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Haka wanda ya cike cacar biza ya bar lambar shaidarsa a kwamfutar da nufin ya dawo gobe ya buga. Saboda haka wajibi ne a liƙa sanarwa a jikin kowace kwamfuta, da Hausa da Turanci, cewa nan ba a ajiya, kowa ya tura kayansa imel ɗinsa ko filashinsa ko ya buga a takarda nan take. Wanda bai iya karatu ba a faɗa masa da baki.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Manhajar tana kare kwamfuta daga masu amfani, ba ta kare mai amfani daga mai shago marar amana. Idan an sa abin naɗar rubutu kafin a kulle kwamfutar, ko an maƙala wata 'yar na'ura a wayar kibod, sake kunnawa ba zai cire su ba. Sannan a shaguna da yawa ba mai amfani ne ke taɓa kwamfuta ba. Dattijo zai miƙa katinsa ga yaron shago, a yi sikanin a babbar kwamfutar da ke kan teburin karɓar kuɗi, ita kuwa ba a daskarar da ita, takardun mutane na shekaru suna jibge a ciki. Nan ne ainihin rumbun yake, kuma ba manhaja ce za ta share shi ba, mutum ne.

Wasu za su ce goge komai yana taimakon 'yan sakawa, tunda in 'yan sanda suka zo bincike ba za su tarar da sawu ba. Hujja ce da ya kamata a saurara, domin sunan unguwanninmu ya daɗe yana shan ɓaci a kan wannan batu. Sai dai ban ga hikimar tara katunan ɗaruruwan bayin Allah a buɗe ba don tsammanin kama mutum ɗaya. Mai shago yana iya riƙe rajistar wanda ya zauna da lokacin da ya zauna a wani wuri daban mai kulle, ba tare da ya riƙe fasfon kowa ba. Tarin takardun nan ma su ne abincin ɗan damfara.

Doka tana gefenmu. Dokar kare bayanai ta 2012, wato Doka ta 843, ta ɗora wa duk mai sarrafa bayanan mutane nauyin tsare su da kuma kada ya riƙe su fiye da buƙata. Ina kira ga Hukumar Kare Bayanai da Hukumar Tsaron Intanet da Doka ta 1038 ta 2020 ta kafa, su sauko da wannan magana daga ofis zuwa lungu, da harshen da masu shaguna ke ji. GIFEC, mai kula da cibiyoyin intanet na al'umma, da Hukumar Ɗakunan Karatu su fara da nasu kwamfutocin. Duk ƙungiyar da za ta ba makaranta kyautar kwamfuta ta haɗa da wannan shiri da horar da mutum ɗaya da zai riƙe makullinsa.

Ku kuma masu shago, 'yan'uwanmu ne ku, kuma wanda ya miƙo muku katinsa amana ya ba ku. Kada ku nemi manhajar sata don gudun biyan lasisi, sau da yawa ita ce ke shigo da ɓarawon da ake gudu. Ku goge sikanin mutum a gabansa da zarar an gama aiki. Kai kuma mai shiga kafe, kafin ka ciro kati daga aljihu ka tambaya: in an kashe kwamfutar nan, tana goge abin da na yi? Shagon da aka kasa ba ka amsa, ka ƙara gaba zuwa na kusa da shi.